Akori-Kura Mai Fetur da Batir: Za Ta Iya da Hanyoyin Tsallaken Kogin Kaduna?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, wanda ya tsaya a shataletalen Station, da an sauko daga gadar kogin Kaduna ta ɓangaren kudu, zai ga yadda kayan garin Kaduna ke tafiya. Ga Keke an shaƙe shi da kwandunan lemo da abarba, har direban ya koma gefen kujera. Ga 'yar ƙaramar Hijet ta durƙusa da ledojin fiya wata. Ga tsohuwar Peugeot 504 akori-kura, fentinta ya koɗe, an ɗaure ƙofar bayanta da igiya, tana jan buhunan gawayi da suka fi rufinta tsawo. Kusa da ita kuma Hilux ce fara sol, bayanta wayam, mutum ɗaya a ciki.

Dukkansu layi ɗaya suke bi, su matsa kaɗan su tsaya, kuma injin kowace na shan mai ko tana tafiya ko tana tsaye. A da, ba wanda ya damu da man da ke ƙonewa a cunkoso. Yau shi ne abin da mai mota ke kwana da shi a rai.

Shi ya sa tambayar masu saye ta canza. Kafin a tambayi shekarar mota ko ƙarfin injinta, sai an fara da "nawa take sha?" Motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da batir, waɗanda dillalai suka daɗe suna shan wahalar rabuwa da su, yanzu ana zuwa neman su da suna. Kwanan nan kuma hotuna da bidiyon wata ƙaramar akori-kura haibirid suna yawo a Facebook da TikTok, masu gidajen kaji da 'yan kwangila na tura wa juna. Ba ta yi yawa a titunan Kaduna ba tukuna, amma maganarta ta riga ta iso.

Garin da ya taɓa haɗa tasa

Kaduna ba baƙuwar ƙaramar motar kaya ba ce. A Kakuri ne kamfanin Peugeot, wanda aka fi sani da PAN, ya fara haɗa motoci a 1975, kuma daga nan 404 da 504 suka bazu cikin ƙasar nan, har da akori-kurarsu. Motar ba ta da girma, ba ta da ado, amma tana ɗaukar kusan tan guda, kuma duk bakaniken bakin titi ya san cikinta. Ita ce ta yi jigilar citta daga Kachia da Kwoi, da masara daga Kujama da Kasuwan Magani, da dilolin atamfa daga masaƙun Kakuri lokacin da KTL da UNTL da Arewa Textiles ke aiki dare da rana.

An daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, a daidai lokacin da masaƙun ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Dubban ma'aikatan da suka rasa aiki, su da 'ya'yansu, suka koma ƙananan sana'o'i: buga bulo, kiwon kaji da kifi, gidan burodi, hayar kujeru da rumfunan biki, sayar da kayan gini. Kowace daga cikin sana'o'in nan tana buƙatar abin ɗaukar kaya kullum, ba mai yawa ba, amma a kai a kai.

A lokaci guda garin ya miƙe zuwa kudu. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, unguwanni irin su Narayi, Sabon Tasha, Ungwan Romi da Gonin Gora suka cika suka batse, sababbi kamar Kamazou da Mahuta da Karji suka tsiro. Wato buƙatar ƙaramar motar kaya ta ƙaru a daidai lokacin da aka daina yin ta a gida. Gurbin da ta bari, Keke da Hijet suka cike daga ƙasa, Hilux kuma daga sama. Tsakiya babu kowa.

Abin da ya canza a 2023

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta tsallake naira dubu a gidajen mai da yawa na Arewa. Tun daga nan farashin yana hawa yana sauka, amma bai koma kusa da inda ya baro ba. Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 a kan hanyar Kachia, ta shafe shekaru ba ta tace mai, don haka duk litar da aka zuba a Sabon Tasha ko unguwar Television daga nesa tankoki suka ɗauko ta, da kuɗin hanyarta a kai.

A Yunin shekarar kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wannan shi ne ɗaya gefen matsalar, wanda masu ɗokin haibirid kan manta da shi: abin da ya sa mai ya yi tsada shi ne ya sa motar da ke tsimin mai ta yi tsada.

Wace mota ake magana a kai?

Idan aka ce ƙaramar akori-kura haibirid, kusan mota ɗaya ake nufi, wato Ford Maverick. An fito da ita a 2021, ana haɗa ta a garin Hermosillo na ƙasar Meziko, don kasuwannin nahiyar Amurka. Tana da ƙofa huɗu da kujerun mutum biyar, bayanta kuma bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Injinta lita 2.5 ne, an haɗa shi da injin lantarki da wani ɗan ƙaramin batir. Farashin da aka fara sa mata bai kai dala dubu 20 ba, shi ya sa aka yi rububinta a can, ko da yake yanzu ya yi sama sosai.

Akwai wasu a gefe. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da Shark a 2024, amma ita babba ce, kuma sai an jona ta da wuta kafin a ci cikakkiyar moriyarta. Toyota ma ta sa wa wasu Hilux masu dizal ɗan taimakon batir, sai dai tsimin da yake kawowa kaɗan ne.

Yadda Maverick ke aiki ba sabon abu ba ne, dabarar da Toyota ta fito da ita a Prius tun 1997 ce. Idan mota ta tsaya, injin fetur ya mutu da kansa, na'urar sanyaya ciki ta ci gaba da aiki da batir. Idan za a tashi a hankali, lantarki ne ke tura ta. Idan aka taka birki, ƙarfin da a sauran motoci ke zama zafi ya ɓace, a nan komawa batir yake yi. Ba a jona ta da wutar gida ko kaɗan.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi a garin da ya ga abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Motar lantarki zalla da ta kwana a gida a kwanakin nan. Haibirid irin wannan kuwa ba ruwanta da Kaduna Electric.

Inda take nuna kanta shi ne cikin gari. Ƙididdigar hukumomin Amurka ta ba ta kusan kilomita 18 a kan lita ɗaya a cikin gari, da kimanin 16 idan aka haɗa da babbar hanya. Wanda zirga-zirgarsa daga Sabon Tasha ne zuwa Kakuri, ya tsallaka gada zuwa kasuwar Sheikh Gumi, ya dawo ta Barnawa, shi ne zai ga bambanci a aljihunsa. Wanda kuwa kullum yana kan hanyar Abuja da gudu, injin fetur ne zai yi kusan duk aikin, ribar ta ragu.

Kaya nawa take ɗauka?

A nan ne ya kamata mai saye ya nutsu. Nauyin da kamfanin ya yarda ta ɗauka kimanin kilo 680 ne, kuma a cikinsa har da direba da duk wanda ya shiga. Idan direba ne kaɗai, siminti buhu 12 ke nan, ko masara manyan buhuna shida, ko tankin ruwa mai lita 500. Idan aka ɗauki lebura uku a kujerar baya, sai a rage buhu huɗu na siminti.

Ga mai gidan kaji a Mahuta da ke ɗauko abinci buhu 20 masu kilo 25, ya kai kiret ɗin ƙwai shaguna, wannan ya wadatar. Haka mai gyaran sola da ke yawo da batura da tsani, da mai hayar kujeru, da uwargidan da ke sarin doya da manja a kasuwar Monday ta Kakuri. Da safe ta kai yara makaranta, da rana ta yi kaya, ranar Juma'a ko Lahadi ta kai iyali ibada. Mota ɗaya a madadin biyu, wannan shi ne babban abin da take sayarwa, ya ma fi tsimin man.

Amma mun san yadda ake lodi a ƙasar nan. Ba a duba takarda, ana duba taya ne: in ba ta taɓa bodi ba, a ƙara. 504 ta jure wannan saboda bayanta a kan faifan sifirin yake, in ya karye a kai wa mai walda. Hilux ma a kan ƙaƙƙarfan firam aka ɗora ta. Maverick kuwa ginin ƙaramar mota gare ta, gida ɗaya ta fito da Ford Escape, bodinta shi ne ƙashinta. Wanda ya mayar da ita motar bulo ko yashi, ba za ta yi masa shekara biyu lafiya ba. Ni a ganina, mai sana'ar da kayansa ke wuce rabin tan a kowace tafiya bai kamata ya ko kalle ta ba.

Lissafin aljihu

A ɗauki mutumin da ke yin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, wato wajen kilomita dubu. Babbar akori-kura mai fetur, a cunkoson gari, za ta sha masa abin da ya kai lita 120 zuwa 130. Haibirid za ta sha kusan rabin haka. Idan aka sa lita a naira dubu don sauƙin lissafi, ya tsira da kimanin naira dubu 60 a wata, wajen dubu 700 a shekara. Kuɗi ne, kuɗin makarantar yara ne.

Sai a juyo ga farashin motar. Sabuwa a Amurka yanzu ta doshi dala dubu 30. Kafin a biya jirgin ruwa da kwastam da dakon kawo ta daga Legas, an shiga naira miliyan gommai. Tun watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka hanyar Kwatano da aka saba samun sauƙi ba ta nan a hukumance. Kuma da yake motar ba ta daɗe da fitowa ba, babu tsohuwarta mai araha irin wadda ta shekara 15.

Masu goyon bayanta suna cewa a kwatanta ta da sabuwar Hilux, wadda ta fi ta tsada, alhali yawancin masu Hilux a cikin gari ba sa ɗaukar abin da ya wuce buhun shinkafa. Suna da gaskiya. Da yawa daga cikin Hilux ɗin da ke fakin a ofisoshi da gidajen Barnawa, girma aka saya da su, ba aiki ba. Ga kamfani ko ƙungiyar agaji ko makaranta mai zaman kanta da dama za ta kashe wannan kuɗin, ƙaramar haibirid ta fi hankali.

Dillalai kuwa sun fi duba ranar sayarwa. Hilux ko ta tsufa tana da mai saye, daga Kaduna har Maraɗi. Motar da bakanike bai sani ba kuwa, mai ita ne ke bin masu saye. Shi kuma ƙaramin ɗan kasuwa lissafinsa a fili yake: da kuɗin Maverick ɗaya zai sayi Hijet da yawa, ya sa direbobi, kuma su ma ba su da shan mai. Tsimin dubu 700 a shekara ba zai biya bambancin ba ko a shekara 20.

Wa zai gyara ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta farashi, kuma ita ce ake yi a ƙarshe, bayan an riga an biya.

Kaduna ba ta rasa gwanaye ba. Duk wanda ya shiga Panteka ya san akwai hannayen da ke ƙera abin da babu shi a kasuwa. Amma haibirid tana da wasu dokoki da suka saɓa wa abin da aka koya a garejin gargajiya, kuma kuskure ɗaya na iya cin miliyoyi.

Misali na kusa shi ne na'urar sanyaya mota. A haibirid, kwamfuresa da lantarki mai ƙarfi take aiki, kuma man da ake zuba mata na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai gyaran da ya saba, ya ɗauko man da yake zuba wa kowace mota, ko ya yi amfani da tiyon da ya riga ya jiƙe da shi. Ranar ba za a ga komai ba, sanyi ma zai fito. Bayan wasu makonni sai kwamfutar motar ta gano wuta na zurarewa, ta ƙi tashi gaba ɗaya. Daga nan a fara canje-canjen kaya bisa zato, a ce batir ne, a ce giya ce, alhali abin ya faro ne daga ɗan man da bai cika kofin shayi ba.

Akwai kuma al'adu biyu da suka zama jiki a garejinmu: cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi, da cire abin tace hayaƙi da ake kira indomi. Injin haibirid sai ya kai wani mizanin zafi kafin kwamfuta ta bar shi ya riƙa mutuwa a tsaye. In an cire tamostat, zai daɗe bai kai ba, ya yi ta aiki, tsimin da aka sayi motar dominsa ya tafi. Baƙin mai ma siriri take so, ba mai kaurin da ake aunawa a galan a bakin titi ba. Su kuma wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ƙarƙashinta, wutar da ke cikinsu tana kisa. Ba wurin da yaron shago zai sa hannu yana gwaji ba ne.

Masu Prius da Camry da Highlander haibirid sun ɗan samu sauƙi, domin motocin sun daɗe a ƙasar, an samu matasa a Kaduna da Abuja da suka koyi karanta su da kwamfuta, kayansu kuma ana samu. Na Ford sai an yi oda, a jira. Mutumin da motarsa ita ce shagonsa, zaman mako uku yana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas ko Amurka asara ce da ba ta cikin lissafin lita.

Garantin batir na shekara takwas da ake bayarwa a Amurka ba ya biyo mota zuwa nan. Ga shi kuma da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga can, daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye ake sayo su. Motar fetur da ta sha ruwa ana iya lallaɓa ta. Haibirid da ruwa ya shiga batirinta, matsala ce da ke jiran rana. Duk mai niyyar saye ya nemi lambar bodi ya binciki tarihinta a intanet kafin ya biya ko sisi, ya kuma sa a jona mata kwamfuta a duba lafiyar batirin, kada ya tsaya ga "Alhaji, ba abin da ke damunta."

Damina da hunturu

Manyan titunan kudu sun gyaru a 'yan shekarun nan, sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa ma ta rage wa mutane zagaye. Amma da an sauka daga kwalta a Kamazou ko Romi, jar ƙasa ce, a watan Agusta kuma taɓo da kwazazzabai. Tsayin cikin Maverick daga ƙasa wajen santimita 21 ne, ya fi na ƙananan motoci, bai kai na Hilux ba. Haibirid ɗin shekarun farko tayoyin gaba kaɗai ke ja, sai daga samfurin 2025 aka fara yin mai jan huɗu. In an yi lodi a baya, gaba ya yi sauƙi, kuma a hawan da ke da santsi nan take za a gane.

Unguwannin bakin kogin Kaduna da rafin Romi sun san ambaliya. An rufe batirin yadda ruwan sama da kududdufi ba za su dame shi ba, amma kutsawa cikin ruwan da ya kai ƙofa, kamar yadda direbobin tsofaffin motoci ke yi da ƙarfin hali, ganganci ne. Ƙurar hunturu kuma tana toshe lagireto da matatar iska, abin da ke buƙatar a riƙa dubawa fiye da yadda littafin motar ya tsara don hanyoyin Amurka. Wani ƙaramin abu: soket ɗin wuta da ke bayan wasu daga cikinsu na Amurka ne, mai ƙarfin 110 zuwa 120, kayan aikinmu kuwa na 230 ne.

Masu cewa a koma gas

Akwai masu ganin duk wannan dogon zance ne. A cewarsu, maimakon a sayo sabuwar fasaha da dala, a ɗauki akori-kurar da ake da ita a mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023. Tukunyar gas tana samun wurin zama a bayan akori-kura fiye da but ɗin ƙaramar mota, kuma bututun gas na AKK da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta ta Kaduna zai bi zuwa Kano. Hujjarsu tana da ƙarfi ga mai ƙaramin jari. Rauninta shi ne wuraren shan gas ɗin ba su da yawa, layi na cin lokaci, tukunyar kuma tana rage wurin kaya da nauyin da za a ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne duk zaɓin nan na lallaɓawa ne. Buƙatar a fili take: ƙaramar mota mai kujeru da bayan kaya, mai tsimin mai, wadda aka yi wa ƙafafu don jar ƙasa, aka kuma sa mata farashin da mai gidan burodi zai iya biya kashi-kashi. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a sabuwar masana'antarsa da ke kan hanyar Abuja, kuma cikin motocin Peugeot na yanzu akwai akori-kura mai suna Landtrek, sai dai ita ajin Hilux ce, a girma da kuma kuɗi. Gurbin da 504 ta bari yana nan.

Kafin a kai ga haɗa irin wannan mota, akwai aikin da ba ya buƙatar jiran kowa. Haibirid na shigowa ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma a hannun bakanike da rewaya na Kakuri da Sabo za su ƙare. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana nan, cibiyar horaswa ta PAN tana Kakuri, ƙungiyoyin makanikai suna da rajistar mambobinsu. Kwas na 'yan makonni kan yadda ake kashe babbar wutar mota kafin a taɓa ta, da karanta na'urar gano matsala, da sanin man da ya dace, tare da safar hannu ta roba mai hana wuta da kwamfutar gwaji a kowane rukunin gareji, kuɗinsa bai kai na Hilux biyu daga cikin waɗanda ake saya wa manyan jami'ai ba.